Butar da Na Wanke a Al Kusais

Kwanana uku a Dubai kafin in gane cewa babu wani shagon gwal da yake jirana. Alhaji Ɗanliti, ejan ɗin da ya yi mini hanya daga Kano, ya rantse mini da girman Allah cewa ina sauka za a ɗauke ni a mota a kai ni wurin masu ƙera sarƙa. Har hoton kujerar da zan zauna ya nuna mini a wayarsa. Na sauka, ba mota, ba mai mota. Na kira lambarsa har na gaji, a kashe. Sai da na haɗu da Isuhu, wani mutumin Damagaram, a wani masallaci a Deira, na nuna masa fasfona, ya juya shafi ya kalle ni.

"Malam Sabi'u, wannan ai bizar ziyara ce. Wata biyu gare ka. In ba ka sami patron, maigidan da zai yi maka ta aiki ba, sai gida."

Allah ya isa tsakanina da Ɗanliti. Na faɗa a ƙofar masallacin nan, yanzu ma na sake faɗa.

Gida kuwa ba wurin komawa ba ne. Ni maƙerin fari ne, ɗan maƙerin fari, azurfa da tagulla muke taɓawa tun kakanni. Rumfar babana, da uwar maƙerarsa, da zuga-zuginsa, duk na sayar na zuba a wannan tafiya, yayyena suna hana ni ina yi musu gardama. Matata da 'ya'yana uku na mayar gidan iyayenta da alkawarin wata shida. To in koma in ce musu me? Tun daga ranar, ba abin da nake kwana da shi nake tashi da shi sai bizar nan.

Isuhu ne ya kai ni ɗakinsu a Hor Al Anz. Mu takwas ne a ciki, gado bisa gado, ni aka ba na sama daf da na'urar sanyi, kullum in tashi da mura a garin da ake soyewa a waje. Ban taɓa sanin mutum zai yi kewar hayaƙin gawayi ba sai a ɗakin nan. Isuhu bai taɓa cin abinci bai turo mini kwano ba, Allah ya saka masa. Shi ya samo mini ɗaurin kaya a Murshid Bazar, inda 'yan kasuwarmu ke sayen kaya suna turawa gida ta kago. Daga safe har magariba ina fama da kwali da salatif, ana ta daka mini tsawa, yalla, yalla. Wata rana wata Hajiya da na taɓa ƙera wa 'yarta awarwaron aure ta tsaya a kaina tana kallona.

"Kai, ba Sabi'u maƙeri ba ne?"

Na ce, "A'a Hajiya, kama ce." Na ci gaba da naɗa salatif, kunnuwana suna zafi.

Sati uku na yi a haka. Sai Isuhu ya ji labarin wani mai shagon tsofaffin kaya a Deira yana neman mai hannu. Kowa Arbab yake kiransa, wato maigida, ni ma haka na bi. Mutum ne mai ƙamshin turare da murmushi, in yana magana sai ka ce ɗan'uwanka ne na jini. Ya miƙo mini wani zoben azurfa da ya tsage, na liƙe shi a gabansa. Ya juya shi ya juya, bai ga inda na liƙe ba.

"Habibi, hannunka yana da kyau. Ka yi mini gwaji shuwayya, na ɗan lokaci, in na ji daɗinka zan yi maka biza. Insha Allahu."

Na riga na fara gane irin wannan insha Allahun da ake ja wa wutsiya, amma ba ni da wani.

Aikin ba a shago yake ba, a sitonsa ne da ke Al Kusais, wani dogon ɗaki mai cike da akwatunan katako da takubba da fitilu da butocin gahawa. A can na tarar da Baba Rahim. Tsoho ne Ba'indiye, Musulmi, siriri, gemunsa ja da lalle, tabarau mai kauri ɗaure da zare a ƙeya. Ya fi shekara ashirin yana gyara wa Arbab kaya. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, sai muka haɗa guntun Turancina da guntun Larabcinsa, sauran muka cike da hannu. Da ya ga yadda nake riƙe guduma sai ya yi dariya ya ce uban wani ya koya wa wannan. Tun daga nan yake ce mini "ɗana", ni kuma Baba. Kullum da hantsi sai ya raba shayinsa mai madara gida biyu, ya yaga mini rabin gurasarsa. In an kira salla shi yake ja mana.

Aikina gogewa ne. A kawo butar gahawa ta tagulla da ta yi kore, in zauna mata har sai ka ga haƙoranka a jikinta. Arbab in ya leƙo sai ya ɗaga ta sama ya ce masha Allah. Wannan kuwa ba sai an koya mini ba. A gidanmu ƙarfen da ya dushe abin kunya ne. Babana ya sha mayar da ni da munduwa sau uku saboda ɗigon baƙi ɗaya a lungunta, yana cewa baƙi na maƙeran baƙi ne masu garma da lauje, mu fari aka san mu da shi.

Saura kwana goma sha biyu bizata ta ƙare aka kawo wani akwati. Baba Rahim ya buɗe, ya zaro wata buta mai dogon wuya daga cikin auduga. Baƙa ce ƙirin, an zuba mata furanni da ganyaye na azurfa tun daga baki har gindi. Ya rungume ta a ƙirji ya ce, "Bidar. Garinmu." Ya shimfiɗa ƙyalle a kan kanta ya ajiye ta, ya tsaya yana kallonta har shayinsa ya huce. Washegari yana da ganin likitan ido, don idanunsa sun fara yi masa hazo. Ya ce mini ba zai shigo ba sai bayan azahar.

Wallahi alheri na yi niyya. Na dubi butar nan na ce, kai jama'a, dubi irin wannan aiki an bar shi cikin dauɗa, ga tsoho yana son ta, ga shi ba ya gani sosai balle ya wanke. Bari in faranta masa. Na sayo lemon tsami, na roƙi toka wurin masu gasa kaza a bayan sito, na ɗauko soson ƙarfe, na zauna na tanƙwashe ƙafa. Baƙin ya ƙi fita. Na ce lallai wannan datti ya sami wurin zama, yau ka gamu da ɗan gidan fari. Na dage. Har waƙa nake yi.

Wajen awa uku na kankare gefe guda tas da rabin wuya. A nan na dakata. Abin da ya fito ba fari ba ne, ba ja ba ne, wani toka-toka ne kamar kwanon rufi. Furannin da ɗazu suke tsalle su shiga ido sun ɓace a cikinsa, sai ka karkata butar kafin ka gan su. Ina cikin juya ta Baba Rahim ya shigo.

Bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Ledar maganinsa ta faɗi ƙasa, ya dafa bango, ya zauna a kan akwati. Ya ce, "Ɗana, me ta yi maka?"

"Baba, wanke maka na yi. Datti ne."

Ya girgiza kai. Da hannu da baki ya yi ta fama har na gane. Baƙin nan ba datti ba ne, shi ne aikin. Bidri ake ce wa irin wannan ƙira, da sunan garinsu. Jikin butar tutiya ce aka haɗa da ɗan jan ƙarfe aka zuba. Sai a zana fure, a bi zanen da ƙarfe mai tsini a haƙa masa hanya, a kwantar da zaren azurfa a ciki a daddoke, a goge har ya zama ɗaya da jiki. A ƙarshe ake baƙanta ta da gangan, don azurfar ta fito. Wanda ya yi wa wannan butar baƙinta ya rasu tun kafin a haifi kakan Baba Rahim, ni kuma na zo daga Kano na cire shi da lemon tsami kafin azahar.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba zan ɓoye ba, ba butar na fara tunawa ba, bizata na tuna. Na ce, "Baba, na shiga uku. Arbab zai kore ni."

Ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce Arbab ba zai leƙo ba sai jibi, in zo gobe da sassafe.

Da safe na tarar ya riga ni, ya kunna risho. Ya sa ni na ƙarasa kankare sauran baƙin, don sabo da tsoho ba za su zauna a jiki ɗaya ba. Ina yi yana kallon bango. Sannan ya shafa butar da yatsa ya gano wurare biyu da sosona ya ɗaga zaren azurfa. Ya ɗauki 'yar gudumarsa, ya kai fuska daf da butar, ya ja baya, ya sake kaiwa. Sai ya miƙo mini.

"Ba na gani. Kai ka yi."

A nan na ga aikin da kyau, na raina kaina. Zaren bai fi gashin kai kauri ba, kuma kowane ganye da jijiyoyinsa, kowane fure da 'ya'yansa a tsakiya, reshe ya bi ta ƙarƙashin reshe ya fito bai ɓata hanya ba. Ni da nake taƙama da zanen munduwa! Na riƙe numfashi na mayar da zaren. Ya shafa ya ce, "Haka."

Sai ya fito da wani ɗan gwangwani daga aljihun rigarsa. Ƙasa ce a ciki, ba ta fi cikin tafin hannu biyu ba. Ya ce daga cikin tsohuwar ganuwar garinsu ake tono ta, a lungun da rana ba ta shiga, ruwan sama bai taɓa ba, kuma da harshe ake gane mai kyau. Ya ɗiga mini a harshe, na ji ta cije ni. Da hannunsa ya ɗebo ta zuwansa gida na ƙarshe, ita ke nan ta rage masa. Ya juye ta duka a tukunya, ya zuba ruwa, ya ƙara wani farin gari. Ina sansanawa na gane shi, sinadarin nan ne da muke liƙi da shi a gida. Ya tafasa, ya ɗumama butar, ya shiga shafa mata.

Na sha ganin abin mamaki a maƙera, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. A gaban idona launin tokar nan ya rine ya koma baƙi, azurfar kuwa ko gezau, furanni suka dinga fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ya wanke ta, ya shafe ta da man kwakwa. Na rungume tsohon nan ina kuka wiwi, ni da 'ya'yana uku. Ya ture ni ya ce in je in dafa shayi.

Arbab ya zo ranar da aka ce. Ya ɗauki butar, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, ya sansana.

"Wannan baƙin sabo ne. Wa ya taɓa ta?"

Kafin in haɗa miyau Baba Rahim ya ce, "Ni ne. Na ga ya yi dabbare-dabbare, na sabunta shi."

Murmushin nan ya ɗauke. Arbab ya zage shi tas, tsohon da ya isa ya haife shi, ya kira shi makaho, ya ce ya kashe masa kaya. Ya ce kalas, ya soke bizarsa, ya tattara nasa ya nasa kafin ƙarshen wata. Ni kuwa ina tsaye riƙe da tsumma. Saura kwana tara gare ni, su nake ta ƙirgawa a raina ana zagin mutumin da ya rufa mini asiri. Tir da ni a ranar nan.

Da na gaya wa Isuhu, sai ya ce, "Bon, to, Malam Sabi'u, shi ya zaɓa. Ka yi shiru ka karɓi takardarka." Na san don ni yake faɗa, amma ban iya yin shirun ba. Da gari ya waye na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, na tafi Deira, na sami Arbab a shago shi kaɗai yana shan gahawa.

Na ce, "Arbab, ba Baba ba ne. Ni na wanke butar. Ni za ka kora."

Sai ya yi dariya. Dariya fa! Ya zaro waya ya latsa ya juyo mini da ita. Ga ni nan zaune a sito, na tanƙwashe ƙafa, ina ta dirzar buta ina kaɗa kai. Ashe akwai kyamara a saman ƙofa. Ya matsa gaba, ga ni ina mayar da zaren azurfa, ga Baba yana dama ƙasa ina leƙen tukunya.

"Na sani, habibi. Tun ranar na gani."

"Ka sani, ka zage shi haka?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce tsohon idonsa ya tafi, ga taurin kai. Shekara da shekaru yana roƙonsa ya riƙa dusar da sababbin kayan bidri su yi kamar tsofaffi, ya ƙi, wai haramun ne. In mai saye ya tambaye shi shekarun abu, sai ya faɗi gaskiya ya ɓata ciniki. Da ma hanyar rabuwa da shi yake nema ba tare da surutu ba, sai ga shi ya ɗora wa kansa laifi da bakinsa. Ni kuwa ga hannu, ga ido, ga shi na ga yadda ake yi. Ƙasa? Ƙasa ce kawai, za a aiko ta kago.

Na ce, "Butar da ka ce an kashe fa?"

Ya nuna mini da haɓa. Tana cikin gilashi a tsakiyar shago, an haska mata fitila, an jingina mata 'yar takarda. Na tambaye shi abin da aka rubuta. Ya ce an rubuta cewa hannu bai taɓa ta ba tun da aka ƙera ta. Sannan ya jawo durowa ya ɗora wasu takardu a kan tebur, ya ɗora biro a kai.

"Bizarka. Ka sa hannu, yalla."

Kai, ban taɓa jin ina son in mari mutum kamar ranar ba. Mu muna can muna kuka a kan buta, shi yana kwance yana kallonmu a waya kamar wasan kwaikwayo, yana lissafin wanda zai ajiye da wanda zai yar. Na ce masa da Hausa, "Allah ya fi ka, azzalumi." Ya ce me na ce. Na fita ban taɓa biron ba.

Na tarar da Baba Rahim a sito yana naɗe kayan aikinsa a tsumma ɗaya bayan ɗaya. Na zayyana masa komai, na ce ba zan sa hannu ba, mu bar masa sitonsa ya ci. Na zaci zai ji daɗi. Sai ya daka mini tsawar da bai yi mini ba ranar buta.

"Mahaukaci! Na ƙarar da ƙasata, na zubar da aikina, don ka koma wa 'ya'yanka hannu biyu? Ni 'ya'yana sun girma. Je ka sa hannu."

"Baba, ƙarya zai sa ni in yi."

Ya ci gaba da ɗaure tsumma. Can ya ce, "Ni ma da na zo, an sa ni abubuwa. Sai da na yi shekaru kafin na iya cewa a'a. Kai ka yi sauri ka fi ni."

Saura kwana biyu na sa hannu. Arbab ya dafa kafaɗata ya ce mabruk, na ji kamar in kankare wurin. Ranar da Baba zai tafi na nemi izinin raka shi filin jirgi, Arbab ya ce akwai aiki. A ƙofar sito muka yi sallama, ya ɗauki jakarsa guda ɗaya ya nufi tashar metro yana lalube da ƙafa wurin matakala. Na tsaya har ya sha kwana.

Da na koma ciki na tarar an sauke kwali biyu, cike da sababbin tuluna na bidri, ƙananan nan na ajiye fure, suna ta ƙyalli. Arbab ya turo saƙo cewa yana son su tsufa kafin Juma'a. Na farko da na ɗauka, na yi ta istigfari ina dusar da azurfar da wani bawan Allah ya ɓata idonsa a kanta. Na biyu ma haka. Wajen na goma sai na ji ina yi ina tunanin abin da zan ci da rana, wannan kuwa ya fi duk abin da Arbab ya yi ba ni haushi.

Shekarata uku ke nan a siton. Matata ta koma ɗakinta, yara suna makaranta, a unguwa ana cewa Sabi'u ya yi sa'a. Har yau ban ce a'a ba. In ka taɓa shiga wani shago a Deira aka sayar maka da baƙin tulu mai furen azurfa, aka rantse maka ya girmi kakanka, don Allah ka yafe mini. Ni na tsofar da shi, a kwana biyu.